Ranar da aka ce Hajiya ta manta sunana

"Baba, ka jira a waje, da Turanci za a yi," in ji ɗana Dakta Sani. A 1996 ne, ranar da aka kai matata Hajiya gidan jinyar tsofaffi kusa da titin High Point Road a ƙasar Turawa, bayan an sallame ta daga asibiti da karayar ƙugu.

Na zauna a waje. Ni da nake ba ta abinci a baki wata guda, me na sani?

Can ya fito. Wai an gwada ƙwaƙwalwarta, ta kasa faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari, wato shi. Za a sa ta ɓangaren masu mantuwa, inda ake kulle ƙofa.

Na ce, "Sannu Dakta. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakinta?"

Na kutsa ciki. Na ce, "Hajiya, faɗa musu sunana, na yafe."

Ta ce, "Malam, sai dai su kulle ni."

Na ce to a tambaye ta sunan uwata. Ta jero har kakannina, ta ƙara da ranar da na manta ta a tashar Funtuwa. Wannan ba a tambaye ta ba.

Ba a kulle ta ba. Ni kuma aka samo mini kujera a ciki.

Ku da iyayenku ke jinya, wa kuka bari a waje?