Harajin Tafin Hannu

Mai injin niƙa na bakin layi mutum ne da Allah ya rage masa a kunne, ya ƙara masa a hannu. Ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu tun yana saurayi, tafin hannunsa kuwa in ya buɗe shi sai ka ce faifai. Da injin nan ya yi aure, da shi ya yi rufin kwano, kuma har yau ba a san ko furfura ce a gemunsa ko gari ba.

Da famfon unguwa ya lalace, kwamiti ya bi gida-gida neman gudummawa, ya dawo da addu'o'i fal. Mai inji ne ya kawo dabara: duk kwanon hatsin da aka kawo niƙa, a ɗebi tafi guda a zuba a ganga, in ta cika a sayar a yi gyara. Kowa ya yi na'am. Ba wanda ya tambayi tafin wa.

Famfo ya tashi, har ana zancen fitilar layi. Amma mata sun ga garinsu yana ramewa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa wuce ƙofarsa, kwano a ka, ido a ƙasa, zuwa injin tsallaken titi. Nasa ya yi tsit, har gizo-gizo ya kama haya a bel.

"Malam, ka sha ruwan famfon ka ƙoshi," in ji matarsa, "don tukunya dai ta tafi hutu."

Sai ya tari Goggo a hanya, wadda in ta juya duk matan layi suke juyawa.

"Goggo, me na yi muku?"

"Kai ba ka yi komai ba, ɗan nan. Shebur ɗin da ke maƙale a kafaɗarka ne. Tafi muka ce, ba ƙwarya ba."

"To a daina, famfo ya sake mutuwa?"

"Oho. Ruwa zalla dai ba ya tuƙuwa."

Washegari ya mirgino gangar bakin ƙofa inda kowa zai gani, ya ce daga yau kowace mace ta ɗiba da hannunta. Ya tsaya ya mayar da nasa hannuwan baya. Ya san in Goggo ta wuce yau, gobe sai neman mai sayen inji.

Ta iso, mata a bayanta. Ta dubi ganga, ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta sauke kwano, ta tsinci hatsi da bakin yatsu kamar mai sa gishiri, ta yayyafa. Da irin wannan, ko wosha ba za a saya wa famfo ba.

Daga can baya wata ta ce, "Goggo, ke da jarkokinki suke cika layin famfo?"

Goggo ta waiwaya a hankali, ba ta gane mai maganar ba. Ta naɗe hannun riga, ta zurma hannu biyu a kwano, ta juye a ganga.

"Mai bakin ta matso mu ga nata tafin."

Ta miƙa masa kwanon. "Kai kuma gadi kake? Jikokina na jira."

Ya kama igiyar tayar da inji, ya ja. Injin ya yi tari, ya mutu. Ya tofa yawu a tafi, ya sake ja.