Ranar da 'Yata Ta Ƙi Gudu

'Yata ta biyu kimiyyar teku ta karanta. Shekarar da jami'arsu ta tura su ƙarshen arewacin duniya auna ƙanƙara, ta same ni a shagona na ɗinki a unguwar Mansur, ta zauna kan dilar yadi.

"Abuya, gara ka ji daga bakina," ta ce. "Akwai wata dabba a can, dubbu. Fari ne fat, ya fi bijimi girma."

Na ajiye almakashi. "Yana cin mutum?"

"Yana ci. Shi ya sa sai an horar da mu tukuna."

Na yi mata addu'a, amma mahaifiyarta kwana uku ba ta yi mini magana ba, wai ni na ɗaure mata gindi.

Bayan wata biyu ta dawo, leɓɓanta duk sun tsage. Wata Juma'a muna cin shinkafa bayan na sauko daga Masallacin Harami, ta ba mu labarin da ta ɓoye mana a waya.

Su bakwai ne a bakin gaɓa. Doka ce ba a fita mutum ɗaya, ba a ajiye abinci kusa da tanti, kuma kullum da mai gadi. Ranar ita ce da gadi. Tana duba wani tudu da madubin hangen nesa sai ta ga ƙanƙara tana tafiya. Dubbu ne, hancinsa sama, yana bin ƙamshinsu.

"Sai kika ruga," in ji mahaifiyarta.

"Ummi, wanda ya ruga ya zama nama. Wallahi ban motsa ba."

Ta kira sauran ba tare da ihu ba, suka dunƙule wuri ɗaya. Wani malaminsu ya zabura zai gudu, ta riƙe hannun rigarsa. Suka dinga ja da baya a hankali, idonsu na kan dabbar. Da dubbun ya matso, sai suka buga tukwane, ita kuma ta harba bindigar wuta mai tartsatsi, wutar ta faɗi tsakaninsu da dabbar. Jagoransu na riƙe da bindigar gaske, bai harba ba. Dubbun ya tsaya, ya sunsuna iska, ya juya abinsa.

"Ba mu kashe shi ba, Abuya," ta ce. "Gidansa ne, mu ne baƙi."

Mahaifiyarta ta tashi ta shige kicin tana share ido, ta dawo da ƙarin nama ta zuba a gabanta.

Ni kuwa washegari duk wanda ya kawo ɗinki sai da ya ji labarin. Wani tsoho ɗan Damagaram ya ce in sake masa daga farko, na kashe keke na sake.