Hotunan Yayata a Kwamfutar da Na Rabu da Ita

Shekarar da yayata ta yi jinya bayan haihuwarta ta ƙarshe, ni ce mai ɗaukar hoton ciwon da ke cikinta, ina tura wa likita saboda ba kullum take iya zuwa asibiti ba. Wayata ta cika, sai na juye hotunan a kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Da ta samu sauƙi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki goge su duka. Ko mijina ban yarda ya gani ba." Na goge a gabanta.

Daga baya na bai wa ƙanena kwamfutar ya sayar, na manta da zancen.

Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma. Wata rana muna zaune a ɗakin malamai, malamin kwamfuta yana hira, na ji ya ce gogewa ba gogewa ba ce. Na ajiye biro na ce, "Malam, kamar yaya?"

Ya ce, "Ajiya iri biyu ce, Malama. Akwai memorin aiki, shi da an kashe na'ura komai ya tafi. Amma abin da ya shiga faifan ajiya, in kin goge, sunansa kawai aka cire. Abin yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Wanda ya iya, zai dawo da shi."

Ban iya shiga aji na gaba ba. Na kira ƙanena bai ɗauka ba, na sake kira, na fita bakin titi na tari mai mashin. A kasuwa na same shi. Ya ce wajen wani mai gyara ya kai ta. Mai gyaran kuma ya ce ai tuni wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kurfi ya saya wa 'yarsa.

Kwanakin nan ban san me na ci ba. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a tsakar gida ina zagaye. Duk saurayin da na gani riƙe da waya yana dariya, sai in ce ko hotunan yake kallo. Yayata ta kira ni muka gaisa, na kasa tsawaita hirar.

Ranar Asabar na shiga motar Kurfi. A rumfarsa na sami Alhajin, ana auna masa gero. Na rasa ta inda zan fara, shi kuma da ya ga yadda nake murza gefen mayafi sai ya ce, "Malama, wannan magana ta cikin gida ce. Ki je wajen Hajiya."

Hajiya ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta kira 'yarta, wadda ke karatu a jami'a, ta ce ta kawo kwamfutar. Yarinyar ta ce ita ba ta ga komai ba, karatunta kawai ke ciki. Na yarda da ita, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Hajiya ta ce, "Ku tafi tare, a yi abin da za a yi."

Muka dawo Dutsin-Ma ni da yarinyar. Mai gyara ya kwashe mata karatunta, ya kwance bayan kwamfutar, ya ciro faifan ajiyar, wani ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba, ya sa mata sabo. Ya ce zai iya shafe tsohon tas in na bar masa. Na ce a'a, ba ni abina.

A gida na ɗora shi kan dutsen da muke fasa goruba, na sa guduma. Ya yi tauri fiye da yadda na zata. Sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya, na ce lafiya lau, na ci gaba da duka.