Rubutun da Na Yi a Kan Malmalar Tuwo

Lokacin ina amarya, malamar firamare ce ni a wani ƙauye kusa da Bakori, ga shegen son sanin abin da ba a aike ni ba. A waya na ci karo da darussan rubutun mutanen Sumer, waɗanda suka rayu a inda Iraƙi take yau, tun zamanin da ba a san takarda ba. Da tsinin kara suke danna laka, alamomin su fito kamar sawun kaza. Wallahi na kamu. Na fere sillen karan dawa, amma na rasa yumɓu mai laushi, sai idona ya faɗa kan tuwon masarar da nake kwashewa. Jama'a, babu allo irin malmala mai ɗumi! Kullum sai na danna alama kafin in rufe kwano, har kwanon surukata Hajiya, da muke gida ɗaya.

Ban gaya wa kowa ba, kunya nake ji a ce matar aure tana wasa da tuwo. Sai na ga Hajiya ta daina sakar mini fuska, tana ramewa, akuyarta kuwa sai sheƙi take. Ashe akuyar ake juye wa tuwona! Ashe har Malumfashi Hajiya ta kai malmala ɗaya wajen wani malami, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce wannan ba ajami ba ne, ba boko ba, shi kam ya fi ƙarfinsa. Nan ta yanke cewa mallaka nake yi wa ɗanta, ta rantse ko ni ko ita a gidan.

Ranar da kawun maigidana ya tara mu, ga busasshiyar malmalar a kan faifai, a nan na ji duk wannan. Maigidan ya sunkuyar da kai, na ga aurena yana lilo. Na roƙi a miƙo mini tuwon rana. Na danna alamar baki, na danna ta akushi a cikinta, kamar yadda nake yi kullum, na bayyana musu cewa baki da akushi a wajen mutanen nan yana nufin ci, in ruwa aka sa a cikin bakin ya zama sha. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Hajiya ba ta yi ba. Ta kalli malmalar, sannan ta tambaye ni, wato duk kwanakin nan ce mata nake ta ci, ita kuwa tana kwana da yunwa? Na ce ƙwarai, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce akuyar dai ta fi ta karatu.

Har yau ramar da ta yi tana damuna, don shiruna ne ya jawo. 'Yan'uwa, in kun tsinci wani ilimi baƙo, ku nuna wa na gida tun kafin su fassara shi da kansu. Hajiya ba ta taɓa shiga aji ba, amma yanzu in na kai mata tuwo babu alama, dawo mini da shi take yi. In na danna, sai ta bi da yatsa a hankali, ta karanta da ƙarfi, sannan ta yi bisimilla.