Ranar da na daina sa wa kayana alama

Shekara huɗu da suka wuce ni mai shago ne a kasuwar Apo, ina sayar da kayan gyaran mota na hannu, musamman famfon mai. Ogana, dattijon da na yi wa hidima shekara tara, shi ya sallame ni da wannan shago. A wajensa na koyi al'adar kasuwarmu: kafin kaya ya bar hannunka, ka karce shi da ƙusa a wani lungu, ka ɗiga jan fenti. In bakanike ya dawo yana cewa kayan bai yi ba, sai ka juya ka duba. In babu alamarka, ba sai an yi dogon surutu ba.

Sai na shiga wata kasuwar intanet. Wallahi da farko abin ya yi daɗi. Ina zaune a gida a Mararaba oda na shigowa, mai babur ya zo ya ɗauka, na huta da cunkoson hanya. Kaina ya kumbura, na fara yi wa 'yan kasuwarmu kallon mutanen da. Na je na gaya wa Oga zan saki shagon. Ya tambaye ni wa zan kama in rigima ta tashi, na ce masa ai kamfani ne mai tsari, ba irin hayaniyarmu ba. Ya ce to, Allah ya sa albarka, ya karɓi makullinsa.

Ba a jima ba masu kamfanin suka ƙara kason da suke cira a kowane ciniki, na haɗiye. Sai ga sabuwar doka: mai saye na iya mayar da kaya ba tare da wani bayani ba, kuɗin dawowar kuma a wuyana. Ana cikin haka wani ya ɗauki hoton jan fentina ya kai ƙara wai na sayar masa da lalataccen kaya, aka yi min gargaɗin za a rufe shafina. Tsoro ya kama ni, na tafka wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta: na daina sa alama. Wasu kanikawan kamar jira suke. Su yi oda, su ɗaura nawa a mota, su saka mataccen nasu a kwalina su dawo min da shi. Ina buɗewa na san ba nawa ba ne, kamar yadda uwa ke sanin ɗanta, amma da me zan kafa hujja? In na rubuta koke, amsa ɗaya ke dawowa, babu mutum a bayanta. Ƙarshe suka ce ana yawan mayar min da kaya, suka rufe shafin.

Na cika jaka da matattun famfuna na kai wa Oga. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya tambaye ni ina alamar. Na sunkuyar da kai. Da na roƙi shagon, ya ce ya riga ya ba wani mai iyali, ba zai kore shi ba. A gaban mutane hawaye suka zubo min, ni da furfura ta fara fito min.

Abin da na gane a makare shi ne, kasuwar da wani ke iya sauya mata doka ba tare da ya ji ta bakinka ba, ba taka ba ce. 'Yan'uwana masu ƙaramin jari, ku shiga intanet in kuna so, amma kada ku saki wurin da kuke ganin fuskar mai saye. Ni yanzu a bakin ƙofar Apo nake wuni, ina tare masu mota ina raka su shagunan mutane a ba ni na abinci. Wani lokaci tsohon shagona nake kai su. Sunana na nan a jikin allon da ke saman ƙofa, sabon mai shagon bai goge ba, ya ce min yana jawo masa ciniki.