Takardu Arba'in Da Na Cike Wa Ƙanwata

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, na tafka wata katoɓara da har yau in na tuna sai in ji na ƙanƙance, ko da yake wadda na yi wa ta daɗe da mayar da abin wasa.

Ni ɗan kasuwa ne. Shinkafa da albasa nake saye a ƙauyukan fadama, daga Ambursa har bayan Augie, in kawo Birnin Kebbi. Boko a firamare na tsaya, amma ina karatu ina rubutu, kuma a lokacin ina ganin babu abin da ɗan jami'a zai gaya mini game da mutane. In na damƙo shinkafa daga buhu ɗaya na murza, na san abin da ke cikin sauran. Haka na ɗauki komai na duniya.

Ƙanwata kuwa nas ce. Ta yi karatun jinya, ta yi na ungozoma, tana da lasisinta, ta shekara goma a ɗakin haihuwa a Argungu. Sai ga ta da zancen komawa makaranta. Wai akwai tsari a wata jami'a can Kudu, na waɗanda suka riga suka zama nas, su ƙara shekara uku su sami digiri.

Na ce, "Ke da kika gama har da hular nas? Ko likita za ki koma?"

"Nas zan tafi, nas zan dawo, Yaya."

"To wahalar ta mi ce?"

Dariya kawai ta yi. Mijinta ya yarda, wurin aiki suka ba ta hutun karatu, matata ta karɓi 'ya'yanta biyu, ta tafi.

A shekarar ƙarshe sai ɗalibi ya rubuta bincike. In babu shi babu digiri, kuma hutun da aka ba ta ba ya ƙaruwa: ko ta gama a shekarar, ko ta dawo bakin aiki hannu wofi. Abin da ta zaɓa shi ne dalilin da ya sa matan fadama masu ciki ba sa isowa asibiti sai abu ya ɓaci. Ta yi wa malamarta alkawarin jin ta bakin mace arba'in. Ta zo gida tsakiyar damina da sati uku a hannu, sai ƙyanda ta kwantar da ƙaramar 'yarta.

Da ta ga ba halin motsawa, sai ta ba ni takardun tambayoyin, ta fassara su da Hausa. Ta ce in kai wa malamar ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Augie inda nake sayen kaya, ita za ta bi matan gida-gida.

Na iske ɗakin da kwaɗo. Ashe malamar ta tafi garinsu haihuwa.

A nan wayona ya motsa. Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Na zauna a zauren abokina, wani babban manomi da muka daɗe muna hulɗa, maza suka taru ana gaisawa, na zaro biro.

Na fara da shi. "Iyalinka, ciki nawa ta yi?"

Ya sunkuyar da kai yana tonon tabarma. "Alhaji, sun dai haihu."

"Ƙafafunta na kumbura?"

Wani dattijo daga gefe ya ce, "Alhaji, wa ka duba ƙafar mata, ga dashe bai ƙare ba?"

Aka kwashe da dariya. Maza bakwai na tambaya, bakinsu ɗaya: lafiya lau, alhamdulillahi. Na ce to, na damƙi gari na murza. Sauran talatin da uku a kan bonet ɗin motata na cike su, ƙarƙashin tsamiya. Har dabara na yi, wannan in ba ta 'ya'ya huɗu, waccan shida. Na jefa su cikin mota na ci gaba da harkokina. Sai bayan kwana goma sha biyu na kai mata, ina taku kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Ta karanta biyar, ta karanta goma, ta ɗago.

"Yaya, wanga gari ina yake? Mace arba'in, ba wadda ta taɓa ɓari, ba wadda ɗanta ya rasu, ba mai ko ciwon kai. Nemo min gida can in tare."

Na fara dariya, sai na ga ita ba dariya take ba.

"Rubutunka ne."

Na ce na tambayi maza bakwai, duk magana ɗaya.

"Su ka ɗaukar cikin?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta tattara takardun ta miƙo mini. "Kwana tara ya rage min. 'Yata ta warware. Gobe da safe ka tada mota."

Ruwa ya cinye hanya, muka bar motar a bakin fadama muka shiga kwalekwale. A gidan abokina muka sauka, ni a zaure, ita cikin gida. Kwana huɗu tana bin gidaje da jakarta, ni ina rakiya ina tsayawa a waje. Mace ɗaya sai ta ci mata kusan awa guda. Ta bayan zana nakan jiyo dariya, can kuma shiru, wani lokaci kuka.

Na tambaye ta me take yi haka da daɗewa. Ta ce ita ba ta tambayar mace 'ya'yanki nawa. Mace ba ta lissafa ɗan fari saboda kunya, ba ta kuma lissafa waɗanda suka koma. Sai dai ta ce, sau nawa kika yi wankan jego? Sau nawa aka tara itacen wanka ba a kai ga hura shi ba? A nan magana ke fitowa. Shekara ashirin ina shiga garin nan, na san gonar kowa da rumbun kowa, amma a kwana huɗu ƙanwata ta san abin da ban taɓa jin ƙanshinsa ba.

Rana ta huɗu da hantsi ta cika ashirin da bakwai, kuma ta ashirin da bakwai ɗin matar abokina ce, wadda ke dafa mana tuwo tun zuwanmu. Cikinta wata takwas. Ita ce na rubuta wa lafiya lau a takardata ta farko.

Ƙanwata ta fito zaure da abin awon jini a hannu. "Yaya, a kira maigida daga gona. Yanzu."

Ya zo da laka har gwiwa. Ta ce masa jinin matar ya hau sosai, dole a kai ta Argungu. Ya ce kumburi ai alamar namiji ne, a bari a ƙare dashe, ran Juma'a ya kai ta.

"Malam, yau. Ta ce kanta kamar ana sara, tana ganin walƙiya da rana tsaka. In jijjiga ta same ta nan, kafin ku nemo jirgi an gama. Zo ka gani."

Ta shigar da shi ciki. Da ya fito fuskarsa ta sauya. "Alhaji, ta danna ƙafar da yatsa, rami ya zauna kamar a tuwo."

Na ja ƙanwata gefe. "Saura mace goma sha uku, kwananki biyar. Ki tsaya ki ƙarasa, ni in kai su."

"In ta fara cikin ruwa, mi za ka yi mata?"

Muka ɗauki matar muka shiga kwalekwale, da ni da ƙanwata da mijin.

Kuma a tsakiyar ruwan ta fara. Matar ta sandare, idanu suka juye, jiki ya hau karkarwa har kwalekwalen na tangaɗi. Mijin ya saki salati ya miƙe tsaye, saura kaɗan ya kifar da mu. Ni da nake taƙama ba abin da ke razana ni, sai ga ni na ƙanƙame bakin kwalekwalen.

"Malam, zauna. Yaya, riƙe min kafaɗarta, kada ka danne. Mai jirgi, kai dai tuƙa, kada ka waiwayo."

Da ƙaramar murya ta faɗa, kamar mai cewa a miƙo mata buta. Ta juya matar gefen hagu, ta sassauta mata zane, ta share mata baki, ta duba agogo ta rubuta lokaci a bayan hannunta. Tana yi tana yi mata magana a kunne, "Ina nan, 'yar'uwa, mun kusa." Maza uku manya, ba wanda ya yi gardama. Na dubi fuskarta ina neman tsoro, ban samu ba. Na rantse a ranar ji na yi kamar ban taɓa ganin yarinyar nan ba.

Muka kai Argungu kafin la'asar. Kwana uku ba ta bar gefen gadon ba. Uwar ta tashi. Jaririn bai zo da kwana ba.

Ranar da zan kai ta tasha, na sake gwada nawa wayon. Na ce ta zaɓi goma sha uku cikin nawa ta gyara su, wa zai sani a can Kudu?

"Ashirin da bakwai na ji da kunnena, ashirin da bakwai zan rubuta, in faɗi dalili."

"In suka ƙi karɓa fa? Shekara uku!"

"Sai in dawo ɗakin haihuwa. Yaya, abin da na yi cikin jirgi na iya shi tun kafin in tafi. Shekara goma ana kawo min su a haka, ina tarba. Na koma makaranta ne in san me ke tsare su a gida, in kuma iya rubuta shi yadda masu yanke shawara ba za su ture ba. In na sa ƙarya guda ciki, duk sauran sun zama takarda."

Ta shiga mota. Lokacin babu waya a hannun kowa. Wata biyu ina kai-kawo, don na san in ta faɗi, ni na kayar da ita. Ko abinci ba ya yi mini daɗi, matata har ta gaji da tambaya.

Sai wasiƙa ta zo. Ta ce malamai uku suka zaunar da ita, tambayar farko ita ce ina sauran goma sha ukun. Ta ba su labari tun daga kwaɗon ɗakin shan magani, ba ta ɓoye komai ba sai sunana, ta ce "wani ɗan'uwa mai son taimako". Suka sa ta ƙara babi guda a kan abin da maza suka faɗa da abin da mata suka faɗa. Ta ci.

Na yi ciniki da mutane iri-iri, na ga masu wayo, na ga masu ƙarfin hali, ni ma ba a bar ni baya ba. Amma sai a kan ƙanwata na gane sanin mutane da nake taƙama da shi iyakarsa zaure. Ita ta yarda ta sa shekara uku na wahalarta a kan faranti, ta miƙa wa waɗanda za su iya cewa a'a, don dai kada ta rubuta abin da ba ta ji ba. Ni ban taɓa yin haka a kan komai ba.

Yanzu ta yi ritaya bayan ta koyar da nas-nas da ban san iyakarsu ba. In ta shigo gidana, sai in ga na miƙe tsaye ban shirya ba. Takan ce, "Yaya, zauna mana, yara na kallo."

Nakan ce mata su kalla.