Sahabi Ya Hau Dutse, Ya Ƙwace Mini Majalisa

Tun shekarar da motoci suka koma hannun dama, ni ke ba da labarin tafiya a majalisarmu ta Giwa Tazo. Jiya aka juya mini baya.

Sahabi, ɗan ƙanena, ya dawo daga duwatsun Mambila. Wai kwana da kwanaki shi da abokansa suna hawa da ƙafa, inda rana ta faɗi su kwana a bukka. Kowa ya duƙufa kan wayar yaron nan, ana kallon hoton gajimare ƙarƙashin ƙafarsa. Har Liman.

Na yi gyaran murya na ce, "Mu da munka koro jakunan albasa daga Aliero har Yawuri, muna kwana rugar Hillani, mi za a ce muna?"

Sahabi ya ce, "Bappa, ina hoton?"

Aka kwashe da dariya. Abokan tafiyata duk sun riga mu gidan gaskiya, ba mai shaidata. Gajimaren nan kuwa ya yi kyau wallahi, shi ya fi ƙona mini rai.

Jama'a, tafiyar da ba hoto ba a yi ta ba ke nan?

Gobe bayan asuba zan ɗauki sandata in taka har Jega. Sahabi ya biyo ni da wayar tasa, mu ga wanda zai fara neman inuwa.